Tarihin fuskar dodo a hannun yaranmu, daga farar ƙasa zuwa roba

Duk ɗan da ya tashi a ƙasar Hausa ya san dodo, amma da za a tara mutum goma a ba kowa takarda ya zana shi, za a sami dodanni goma daban-daban. A tatsuniya wani lokaci cikin ruwa yake, yana tare 'yan mata a mashaya. Wani lokaci a ƙungurmin daji yake, da gashi buzu-buzu da doguwar wutsiya. Turawan da suka fara tattara tatsuniyoyinmu, irin su Frank Edgar daga 1911 da R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne a 1913, duk sun ci karo da shi a bakin masu ba su labari, kuma kowane mai labari da irin siffar da ya ba shi. Tunda kuwa babu tsayayyen hoto, duk yaron da ya so fitowa da dodo fili sai ya ƙirƙiro fuskar da kansa, ya nemi abin da zai shafa mata, ya gyare ta har ta ba da tsoro.

Tarihin wannan shafi da gyara nake so mu duba, ni da ku iyaye da 'yan'uwana malamai. Ina koyarwa a makarantar firamare a nan Gaya, kuma a shekarun da na yi ina wannan aiki na ga kayan da yara suke shafa wa fuska a lokacin tashe sun sauya ƙwarai. Sauyin ya shafi lafiyarsu, ya kuma shafi ma'anar wasan.

Abin da ya sa aikin ya zama na yara

Idan mutum ya ƙetare kogin Kwara daga Gaya ya nausa kudancin Benin, zai tarar da al'ummomin da fuskar dodo take sana'ar manya. Yarabawan Ketu suna da Gelede, fuskokin itace da gwanayen masassaƙa suke yi, a fente su, a adana su shekara da shekaru. Hukumar UNESCO ta sanya Gelede cikin manyan al'adun duniya a 2001. Akwai Egungun mai tufafi hawa-hawa, akwai Zangbeto mai rigar ciyawa da ke gadin gari da dare. Waɗannan duk suna da ƙungiyoyi da shugabanni da sirri.

A ƙasar Hausa abin bai bi wannan hanya ba. Musulunci ya daɗe da kafuwa, malamai ba sa son sassaƙa siffar mai rai, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 kuma ya ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi. A nawa ganin, shi ya sa abin rufe fuska ya rage a wurare biyu kawai. Na farko wurin maharba, masu burtu: kan tsuntsu na itace da ake naɗe wa fata, a liƙa masa jajayen 'ya'yan idon zakara, maharbi ya ɗaura a goshi ya duƙa yana tafiya don namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Na biyu wurin yara, a watan azumi, lokacin tashe. Manya sun ɗauki na yara wasa ne, ba bauta ba, suka ƙyale shi. Da yake kuma wasa ne na 'yan kwanaki, ba a yi masa kayan ajiya ba. Ƙwarya ce da ta fashe, tsumma, kara, auduga da igiyar rama. Bayan salla a watsar, baɗi a sake sabo.

Tashe yana farawa ne idan azumi ya kai kwana goma. Yawancin wasanninsa na ban dariya ne da hannunka-mai-sanda, irin su Tsoho da Gemu, Jatau Mai Magani da Danda Dokin Kara, sai tashen gwauro da Nalako yake jagoranta a Kano. A cikin ayarin yara kuwa ba a rasa wanda ya yi shigar dodo ko kura ko biri, an ɗaura masa igiya a ƙugu wani yana riƙe da shi. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da nasu da suke kira tobai-tobai, daga sunan zomo a harshensu. A Gaya, inda Dandawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani suke zaune unguwa ɗaya, yaro yakan shiga ayarin da ya fi kusa da ƙofar gidansu, ko da wane harshe ake yi.

Dodon da ya bi fatake

Wannan wasa bai tsaya a gida ba. A ƙarni na 19 Gaya da Illo suna cikin mashigan da fataken goro suke ƙetare kogi, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, wasu kuma su yi yamma ta ƙasar Gurma zuwa ƙasar Mosi. Duk inda suka yada zango sai unguwar Hausawa ta tsiro. A Wagadugu sunan unguwar Zangwetin, kuma daga cikinta wani wasan azumi ya bazu cikin birnin, wanda har yau sunansa na Hausa ne: dodo. Wata mai bincike, Priscilla Hinckley, ta yi rubutu a kansa a mujallar African Arts a 1986, ta danganta zuwansa da fataken Hausawa na ƙarni na 19.

Labarin da ake bayarwa a can, da 'yan bambance-bambance, shi ne wani mutum ya karya dokar rana mai alfarma ya tafi farauta, sai aka mayar da shi rabi mutum rabi dabba, da wutsiya. Sai aka riƙa zagayawa da shi gida-gida yana rawa don ya zama ishara. Yaran Wagadugu suna yin fuskokin da ƙwarya da kwali da gwangwani, su fente su, su shafa farar ƙasa a jiki, su ɗaura abin kaɗawa a ƙafa irin akayau. An rushe Zangwetin a 2003 saboda aikin sabunta tsakiyar birnin, amma wasan ya riga ya zama na 'yan gari duka. Abin lura a nan shi ne dodon wannan labari abin nuni ne da aka kama aka ɗaure, yara ne kuma suke jan igiyarsa. Haka yake a tashenmu.

Kayan shafi na da

Launukan da kakanninmu suka yi aiki da su ba su da yawa, kuma kowanne yana da mai sana'ar da yara suka kwaikwaya.

Fari daga farar ƙasa yake, wadda mata suke shafe ɗaki da ita, ko alli, ko tokar murhu. Baƙi daga gindin tukunya ko gawayi. Duk almajirin makarantar allo ya san yadda ake haɗa baƙin tukunya da ƙaro a yi tawada, don haka ya san cewa ƙaro ne ke sa launi ya kama, kada ya kakkaɓe. Ja daga jan ƙasa, ko karan dafi, wato kuben wata irin dawa da dukawa suke jiƙawa da ruwan toka ko kanwa su rina jar fata. Shuɗi daga marina, inda ake jiƙa baba. Ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ko kurkum.

Tsarin aikin kuwa kusan ɗaya ne ko'ina. A sami ƙwarya daidai fuska, a jiƙa ta, a kankare cikinta sarai saboda ɗaci. A huda idanu da baki da ƙusa mai zafi, kamar yadda masu zanen ƙwarya suke ƙona ado da ƙarfe. A goge bayanta da yashi mai laushi don santsin ya ragu, in ba haka ba launi ba zai zauna ba. A shafa farar ƙasa da ruwan ƙaro, a shanya a inuwa, domin rana tana sa shafin ya tsattsage. Idan ya bushe a zagaye idanu da baƙi, a ja layuka a kumatu, a sa ja a baki. Haƙora na sillen kara ne ko 'ya'yan kabewa. Gashi na rama ne ko zaren tsohon buhu da aka warware. Wanda yake son fuskarsa ta yi kamar ta tsufa sai ya rataye ta a madafa kwana biyu hayaƙi ya dafa ta, a ƙarshe ya goga mata ɗan man gyaɗa ko man kaɗe ta yi ƙyalli.

Akwai dalilin da ya sa fari da baƙi suka rinjayi sauran launuka. Tashe wasan dare ne, kuma daga goma ga wata zuwa tsakiyarsa farin wata ne fitilar gari. A irin wannan haske idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi sosai, haske da duhu yake gani, ja ma baƙi yake komawa. Farar fuska mai baƙaƙen ramukan ido ita ce take fitowa daga nesa a lungu. Yaran da ba su taɓa jin darasin kimiyyar ido ba sun gano haka ta hanyar gwaji.

Zuwan launin kanti

A 1856 wani matashi a Ingila, William Perkin, ya haɗa launin rini na farko daga sinadaran kwal, a 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Kafin a daɗe garin rini na gwangwani, wanda dukawa suke kira garura, da bula ta wanki, da fentin mai, suka shigo kasuwannin Afirka ta Yamma. Masassaƙan Gelede ma sun koma amfani da bula da fentin mai.

Mu a nan hanyar shigowar kayan a bayyane take. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Na Kwatano ya isa Paraku a 1936, daga nan motoci su ɗauko kaya zuwa bakin kogi. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, garinmu ya zama ƙofar da yawancin kayan tashar ruwan Kwatano suke shiga Nijar ta cikinta. Ta gabas kuma ga Kamba da kayan Najeriya. Yaron Gaya ya riga yaran garuruwa da yawa ganin kwali, da gwangwanin fenti da aka yar da saura a ciki, da tsohon batirin tocila.

Batirin nan shi ne ya fi shiga hannun yara. Mu malamai mun san shi, domin an daɗe ana fasa shi a kwaɓa baƙin garin cikinsa a shafe allon aji. Yara suka gani, suka mayar da shi abin shafa fuska, saboda ya fi baƙin tukunya baƙi kuma ba ya bukatar ƙaro. Bayansa sai baƙin man inji daga garejin masu gyaran babur, sai ragowar fentin ƙofa da na mota.

Siffar dodon ma ta sauya. Da bidiyo ya shigo, musamman finafinan kudancin Najeriya da suka biyo bayan Living in Bondage na 1992, da na Indiya da na Amurka, yara suka ga wani irin abin tsoro na daban: jini yana zuba, fiƙoƙi, fararen idanu, gawa mai tafiya. Tocila da fitilar waya da fitilun kan titi suka kori farin wata daga aikinsa, ja ya fara fitowa da dare, sai kowa yana neman abin da zai yi kama da jini.

Mataki na ƙarshe shi ne fuskar roba. A Amurka aka fara yin irin wadda take rufe kai gaba ɗaya, wani mai suna Don Post ya shahara da ita tun ƙarshen shekarun 1930, don bikinsu na Halowin da suke yi ranar 31 ga Oktoba. Yau masana'antun Sin ne suke buga ta da yawa, ragowar da ba a sayar ba kuma takan biyo dilolin gwanjo da kayan wasan yara ta sauka a kasuwanninmu. Rufe gadar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bai hana irin waɗannan ƙananan kaya ƙetarowa a cikin kwalekwale ba.

Abin da sauyin ya jawo

Na farko lafiya. Baƙin garin batiri haɗi ne na manganis da gawayi da wani gishiri mai cin fata. Na taɓa karɓar ɗalibi a aji da safe idanunsa sun kumbura sun yi ja, fatar goshinsa ta saɓule, bayan ya kwana da wannan shafi. Sai da ya yi mako bai iya kallon allo ba. Baƙin man inji yana ɗauke da ƙarafa masu guba. Fentin mai kuwa, musamman ja da ruwan ɗorawa, an daɗe ana haɗa wasu irinsa da dalma, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran ƙasashe su taƙaita ta zuwa kashi 90 cikin miliyan. Hukumar ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mun ga iyakar abin da dalma take yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Sannan idan fentin mai ya bushe a fuska, da kananzir ko fetur yara suke wanke shi, ga gemun auduga, ga murhun sahur a kusa.

Kayan gargajiya ma ba duka ne lafiyayyu ba. 'Ya'yan idon zakara da ake yi wa burtu ado da su guba ne mai kisa idan aka tauna. Tozalin dutse yawancinsa dalma ce. Ko masu sana'ar fim sun taɓa faɗawa irin wannan rami: a 1938, lokacin ɗaukar fim ɗin The Wizard of Oz, garin alminiyon da aka shafa wa ɗan wasa Buddy Ebsen a fuska ya shiga huhunsa, aka kwantar da shi asibiti, aka ba wani matsayinsa.

Na biyu sanayya. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida. Dodon ƙwarya bai taɓa ɓoye mai shi gaba ɗaya ba. Ana ganin kunnuwansa da ƙafafunsa, uwar gida ta san ƙwaryar wace ce aka fasa, ƙanne su ruga bayan ɗaki da kuka, can kuma wani ya gane tafiyar yayansa, gida ya kaure da dariya, a ba da hatsi ko 'yan kuɗi. Tsoron yana ƙarewa da ganewa, kuma wanda aka gane ba ya yin abin kunya. Fuskar roba tana rufe kai duka, iri ɗaya ce a kan kowa, babu wanda zai ce ɗan gidan wane ne. A manyan birane ɓata-gari sun fake da tashe suna ƙwace, har rundunar 'yan sandan jihar Kano ta dakatar da shi a azumin 2024. Fuskar roba ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma duk abin da ya raba wasa da sanayya yana buɗe wa irin wannan ƙofa.

Na uku shi ne abin da yaro yake koya. Wanda ya kankare ƙwarya da hannunsa, ya ga baƙin tukunyar uwarsa ya zama idon dodo, ya san cewa abin tsoro haɗa shi ake yi. Gobe idan ya ga gawa tana tafiya a fim, ko wani ɗan damfara ya zo unguwa da siddabaru, yana da abin da zai auna. Wanda aka saya wa ta roba bai koyi komai ba sai sakawa.

Abin da ya rage gare mu

Ba na cikin masu cewa a hana. Abin da aka hana yaro a tsakar gida, a bayan gari zai yi shi, da batiri da baƙin mai. Shawarata ita ce aikin ya dawo gaban manya.

A makarantunmu na Nijar muna da darasin aikin hannu da ake taƙaita sunansa da APP, wanda sau da yawa yake ƙarewa a sharar fili. Mako biyu kafin azumi ana iya ba shi wannan aiki. Kowane yaro ya kawo fasasshiyar ƙwarya ko kwali. A gayyato baduku ko mai zanen ƙwarya daga cikin iyaye ya nuna yadda ake jiƙa karan dafi. Huda idanu da ƙarfe mai zafi ya zama aikin malami. A faɗaɗa ramukan ido da na hanci don yaro ya ga gabansa ya kuma sha iska. A bar kunnuwa da ƙeya a buɗe.

Masu son jini kuma ga zoɓo. A dafa shi ya yi kauri, a dama ɗan garin rogo a ciki, ya isa. Ko a fim ɗin Psycho na 1960, da yake baƙi da fari ne, ruwan cakulan aka zuba a matsayin jini. A nan ma darasin kimiyya ya samu: a ɗiga lemun tsami a zoɓo ya ƙara ja, a sa kanwa ya koma shuɗi-shuɗi, a sa sabulu a ruwan kurkum ya juye ja. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta da bambancin abu mai tsami da mai kanwa ba.

Ga iyaye, ƙa'idoji uku sun wadatar. Launi a kan ƙwarya ake sa shi, abin da zai taɓa fata kuwa kada ya wuce farar ƙasa mai tsabta, nesa da ido. Batiri da man inji da fentin mai da idon zakara kada su shiga hannun yaro. Ayari kuma ya tsaya a unguwar da aka san shi, da babba ɗaya a biye, a dawo gida da wuri.

Malaman addini sun yi sabani a kan wasu wasannin tashe, kuma kowane uba yana da ikon ya hana ɗansa fita. Amma wanda ya bar nasa ya fita, ya kamata ya san abin da ke fuskarsa da wanda ya shafa masa. Allah Ya raya mana su, Ya kai mu azumin da lafiya.